Likitar dabbobi ta zo har gida don Toka: abin da asibitin ya iya da abin da ya gagare shi

Asibitin dabbobin da nake kai kyanwoyina yana da wani aiki da ba a rubuta a allon ƙofa ba, sai wanda ya tambaya ake gaya wa. Idan dabba ta tsufa, ko ciwo ya ci ƙarfinta har magani ya daina amfani, likita kan zo gida ta yi mata allurar da za ta raba ta da wahala gaba ɗaya. A kan wannan aikin zan yi magana. Kowa zai iya nuna maka inda aka iya rigakafi ko fiɗiya, amma da na nemi wanda zai ba ni labarin yadda wannan ɗayan yake gudana, ban samu ko mutum guda ba.

Hukuncina tun daga farko shi ne: likitar ta san aikinta, ta kuma san mutane, kuma da za a sake, ita zan sake kira. Teburin karɓar baƙi kuwa, da tsarin saƙonninsu na waya, suna buƙatar gyara sosai. Zan zo kan wannan.

Kyanwata Toka ta kai shekara 17. A jadawalin da likitocin dabbobi ke amfani da shi, wannan ya yi daidai da mutum ɗan shekara 84 ko kusa da haka. Ciwon ƙoda ne ya kama ta, irin wanda ke cin dabba a hankali, kuma yana cikin cututtukan da suka fi addabar tsofaffin kyanwoyi. Abin da muka fara gani shi ne shan ruwa babu ƙaƙƙautawa, sai yawan fitsari, sai rama. Kyanwar da a da take da kilo 4 da ɗoriya ta dawo kana shafa bayanta kana jin ƙashi ɗaya bayan ɗaya.

Tun ranar da sakamakon gwajin jini ya fito na fara girmama likitar nan. Ba ta miƙo mini takarda ta ce in je in sayi magani ba. Ta ja kujera ta zauna, ta juya bayan takardar ta yi zane. Ta ce ƙoda gaɓa ce mai haƙuri: sai kusan kashi biyu cikin uku na aikinta ya tafi kafin fitsari ya fara tsinkewa, kuma sai kusan kashi uku cikin huɗu ya lalace kafin sinadarin kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke tacewa, ya hau a jini yadda gwaji zai nuna. Wato lokacin da mai dabba ya lura, ciwon ya riga ya yi nisa, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Ta ce ƙungiyar IRIS, wadda ta haɗa ƙwararru kan ƙodar dabbobi daga ƙasashe daban-daban, ta kasa ciwon mataki huɗu. A kyanwa, kiriyatinin daga 2.9 zuwa 5.0 mataki na uku ne, abin da ya haura 5.0 kuma na huɗu. Toka tana farkon na uku a lokacin.

"Malam, ba zan ce maka za ta warke ba," in ji ta. "Amma za mu iya sa ta ji daɗin jikinta na wani lokaci, kuma ranar da hakan ya gagara zan gaya maka."

Ta cika duka alkawuran biyu.

Zaman jinyar ba shi ne abin da na zo faɗa ba, don haka zan ratsa shi da sauri. Sun koya mini yi mata ƙarin ruwa a gida, wanda ake sa wa a ƙarƙashin fatar kafaɗa ba a jijiya ba. Mataimakin likitar ya tsaya a kaina har hannuna ya daina rawa. An canza mata abinci zuwa na masu ciwon ƙoda, mai ƙarancin sinadarin fosfaras. An ba ta Cerenia saboda amai, da man Mirataz da ake shafawa a cikin kunne don buɗe mata ciki. Da aka auna hawan jininta aka ga ya haura 180, aka ɗora ta a kan amlodifin, domin hawan jini a kyanwa yana iya ɓamɓare fatar da ke can bayan ido ya makantar da ita cikin dare ɗaya. Abu guda da nake son kowa ya riƙe daga wannan zangon: wani ɗan'uwana, da kyakkyawar niyya, ya ce in ɓalla mata ɗan farasitamol tunda da alama jikinta na ciwo. Na tambayi likita a waya, sai na ji muryarta ta canza. Ta ce hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta, kuma mutuwa ce mai muni. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai a wannan karon.

Lokaci ya ja, abubuwa suka fara sauka. Toka ta daina hawa tagar da take kwana a kai. Ta daina lasar jikinta, gashinta ya dunƙule. Sai ta zo gaban kwano ta sunkuya ta tsaya, ta lashi leɓe, ta juya. Bakinta ya soma wani irin wari mai kama da na fitsari. Gwaji ya nuna ta shiga mataki na huɗu, nauyinta ya sauko ƙasa da kilo 3, dasashinta ya yi fari saboda ƙarancin jini, tunda ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini.

A nan ne ake gane likita. Na yi mata tambayar da nake jin kowa ke yi: "Likita, da taki ce, me za ki yi?"

Na ɗauka za ta kauce ta ce shawara tawa ce. Ta ce shawarar tawa ce, haka ne, amma ba ta tsaya nan ba. Ta ce da tata ce, ba za ta bari ta kai ƙarshen wata ba, kuma ta faɗi dalili. Ta bayyana mini yadda mutuwar ciwon ƙoda take idan aka bar ta ta zo da kanta: dattin da ƙoda ta kasa tacewa yana taruwa a jini, baki ya yi gyambo, amai ya ƙi tsayawa, jiki ya bushe ya yi sanyi, wani lokaci a ƙare da farfaɗiya, kuma abin na iya ɗaukar kwanaki. Ta ce yawancin masu dabba suna fatan su wayi gari su tarar ta tafi cikin barci, amma ba kasafai hakan ke faruwa ba. Maganar ta yi mini nauyi a lokacin. Yanzu ina ganin ita ce mafi amfanin abin da asibitin nan ya ba ni, har da magungunan. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ni a cikin duhun nake, ina jiran wata mutuwa mai sauƙi da ba ta da niyyar zuwa.

Ta ba mu wata takarda ta auna jin daɗin rayuwar dabba, wadda wata likitar dabbobi ta Amurka, Alice Villalobos, ta tsara a 2004. Abubuwa bakwai ake dubawa: ciwo, cin abinci, ruwan jiki, tsabta, walwala, iya motsi, da kuma ko ranakun daɗi sun fi na wahala yawa. Kowanne ana ba shi maki har zuwa 10, kuma jimillar da ta haura 35 tana nufin rayuwar tana da sauran armashi. Dabarar likitarmu ita ce kowa a gidan ya cike tasa shi kaɗai, kada a haɗa kai. Tawa ta fi ta uwargida maki, ta 'yarmu kuma ta fi duka. Likita ta ce haka take gani a kusan kowane gida, kuma ba lissafin ne ya dame ta ba, layin da kowa ya ba ƙaramin maki take dubawa. Mu ukun duka mun ba cin abinci da walwala abin da bai kai 3 ba.

Ra'ayina game da takardar: tana da amfani, amma kada a ɗauke ta alƙali. Mutumin da bai shirya rabuwa ba zai iya matso 36 daga cikinta kowace rana. Abin da ya fi ta aiki a wurina shi ne kalandar da likita ta ce mu rataye, mu riƙa sa alama kowane dare, rana mai kyau ko maras kyau. Ƙwaƙwalwa tana riƙe safiyar da kyanwa ta ci loma biyu ta manta da sauran makon. Kalanda ba ta mantuwa.

Akwai kuma maganar ciwo, wadda ta ba ni mamaki. Na ce mata ai Toka ba ta kuka, har ma tana yin ɗan gurnanin nan mai taushi idan na shafa ta. Ta ce kyanwa takan yi wannan gurnanin ko tana cikin ciwo ko tsoro, kuma ɓoye rauni ɗabi'arta ce. Ta nuna mini hotunan wani ma'auni da masu bincike a Jami'ar Montreal ta Kanada suka fitar a 2019, inda ake karanta ciwo a fuskar kyanwa ta wurare biyar: kunnuwa, runtse ido, ɗaurewar baki, yadda gashin baki ya tsaya, da inda kai yake idan aka kwatanta da kafaɗa. Na dawo gida na dubi Toka: kunnuwa sun buɗe gefe, idanu a rabi, kai a ƙasa. Fuskar da na daɗe ina kira fuskar tsufa ke nan.

To, sai aka zo kan sa rana, kuma a nan asibitin ya fara ba ni haushi.

Na kira teburin karɓar baƙi. Wadda ta ɗauka ba ta san suna wannan aikin a gida ba. Ta ce in riƙe, ina jin ta tana tambayar wani da ƙarfi, a ɗakin da na san cike yake da mutane da dabbobinsu, wai ga wani yana son a zo a kashe masa kyanwa, ana yi? Ba na zarginta da mugunta. Ba a koya mata ba ne. Amma asibitin da ya ɗauki wannan aikin ya kamata duk wanda ke ɗaukar wayarsa ya san yadda ake amsa irin wannan kiran, tunda mai kiran sau da yawa da ƙyar yake haɗa kalmomin. Daga baya aka ba ni lokaci da safe. Da safiyar ta zo, aka aiko saƙo cewa an ɗaga zuwa yamma saboda tiyatar gaggawa. Tiyatar gaggawa ba laifin kowa ba ce, kuma da dabbata ce a kan tebur zan so a ɗaga na wani. Sai dai saƙo ne na layi ɗaya, ba kira ba, ba a kuma faɗi ƙarfe nawa ba. Wanda bai taɓa zama yana jiran irin wannan baƙuwar ba ba zai gane tsawon wannan yinin ba. Duk motar da ta tsaya a waje sai gabanmu ya faɗi.

Abu ɗaya da teburin ya yi daidai, kuma na yaba: sun kammala maganar kuɗi da takardar amincewa tun kafin ranar. Zuwa gida ya fi kai dabba asibiti tsada, sun faɗa mini ƙarara, na biya, aka rufe wannan babin. Ba wanda ya miƙo mini rasit a kan gawa.

Likita ta iso da mataimakinta da 'yar jaka. Ta ba da haƙuri kan jinkirin da bakinta, sau ɗaya, ba ta ja shi ba. Ba ta nufi kyanwar kai tsaye ba. Ta zauna a ƙasa, ta tambayi inda Toka ta fi son kwanciya, ta ce a nan za a yi, ba sai an ɗaga ta ba. Sannan ta faɗa mana duk abin da zai faru, daki-daki, kafin ta buɗe jakar. Zan maimaita shi a nan kamar yadda ta faɗa kuma kamar yadda ya faru, domin tsoron da ya fi cin mutane a wannan lamari tsoron abin da ba su taɓa gani ba ne.

Allura biyu ce. Ta farko ta kwantar da jiki ce da kashe ciwo, ana yin ta a ƙarƙashin fata ko a tsoka. Ita kaɗai ce dabbar za ta ji, kuma ba ta wuce tsinin allurar ƙarin ruwan da Toka ta riga ta saba da shi ba. Cikin minti biyar zuwa goma jikinta ya saki, kanta ya kwanta a hannun uwargida, numfashinta ya daidaita. Na daɗe ban ga fuskarta a sake haka ba. Likita ta ce mu ɗauki duk lokacin da muke so, ita da mataimakin suka koma bakin ƙofa suka ba mu baya.

Da muka ce mun shirya, mataimakin ya aske ɗan gashi a ƙafarta ta gaba don sa kanula, ɗan bututun da ake zurawa a jijiya. Jijiyoyin tsohuwar kyanwa mai ciwon ƙoda sirara ne, sun bushe, ba a samu a ƙafar farko ba sai a ta biyu. Likita ta riga ta gaya mana hakan na iya faruwa, kuma Toka ba ta ko motsa ba. A nan na ga amfanin allurar farko, kuma shawarata ga duk wanda zai nemi wannan aikin a ko'ina ita ce ya tambaya tun a waya ko suna fara kwantar da dabbar. Idan suka ce a'a, ya nemi wani wurin.

Allura ta biyu fentobabital ce, maganin sa barci ne mai ƙarfi da ake bayarwa fiye da ƙima da gangan. Ƙwaƙwalwa take fara kashewa, don haka dabbar ba ta san komai ba kafin numfashi ya tsaya, sannan zuciya. Likita ta dube ni ta ce, "Malam, in ci gaba?" Na ɗaga kai. Kafin ta gama tura ruwan, ƙirjin Toka ya daina ɗagawa. Ta sa abin sauraron zuciya a kunne ta saurara, ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Ta tafi." Duka bai kai minti biyu ba.

Abubuwa uku ta gargaɗe mu a kansu. Idanu ba sa rufewa, a buɗe suke zama. Mafitsara na iya saki, shi ya sa mataimakin ya shimfiɗa wani ƙyalle mai tsotse ruwa a ƙarƙashinta tun da farko, ba tare da ya ce komai ba. Sannan wani lokaci, bayan zuciya ta tsaya, jiki kan yi wata ajiyar numfashi mai ƙarfi ko tsoka ta motsa. Wannan ba dawowa ba ce, ba kuma ciwo ba ne. Biyun farko sun faru. Na ukun ma ya faru, sau ɗaya, kuma wallahi da ba a gaya mini ba da na rantse tana raye, da kuma na ɗauki wannan a raina har abada. Minti uku na bayani ne ya raba ni da wannan.

Game da 'yarmu, mun yi ta muhawara ko ta tsaya. Likita ba ta yanke mana ba, ta dai ce a tambayi yarinyar, a kuma bar mata ƙofa a buɗe. Ta tsaya har allurar farko ta kama, ta yi sallama, ta fita da kanta. Likita ta roƙe mu abu guda: kada mu ce wa yaro kyanwa ta yi barci ne ko ta yi tafiya. Yaro yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta; wani zai riƙa jiran ta farka, wani ya koma tsoron barcin kansa. A ce ta mutu, ciwonta ya yi yawa, likita ta taimaka mata kada ta sha wahala. Da yarinyar ta dawo ta tambaye ta, "Anti Likita, ta ji zafi?", sai ta durƙusa daidai tsayinta ta ce, "A'a. Ta ji hannun Mamanki, shi ke nan."

Sun ba mu zaɓi kan gawar: su tafi da ita ko mu binne da kanmu. Muka zaɓi binnewa. A nan ma akwai abin da ban sani ba. Maganin nan yana zama a jikin gawa, kuma kare ko tsuntsu ko wata dabbar da ta tono ta ci na iya mutuwa. Don haka ta ce ramin ya yi zurfi, kamar mita guda, nesa da rijiya ko magudanar ruwa, a ɗora wani abu mai nauyi a kai, kuma a tabbatar dokar inda mutum yake zaune ta yarda. Ta yanko ɗan gashi ta sa a ambulan. Ni a ganina wannan ƙari ne da ba a buƙata, amma yarinyar ta karɓa hannu biyu, don haka na yi shiru.

Muna da wani muzuru da ya tashi a gaban Toka. Likita ta ce mu bar shi ya shigo ya sansana ta. Ya shigo, ya sansana, ya fita abinsa kamar ba abin da ya faru, har na ɗan ji haushinsa. Bayan nan ne ya shiga zagaye gidan da dare yana kuka, ya rage cin abinci, ya koma kwana a tagar da ba ya hawa a da. A hankali ya dawo daidai. Ta ce idan ya ƙi abinci gaba ɗaya fiye da kwana ɗaya ko biyu mu kawo shi, domin yunwa tana saurin taɓa hantar kyanwa.

Abin da ya biyo baya ba aikin asibiti ba ne, amma sun sa hannu a ciki, don haka yana cikin abin da nake aunawa. Washegari likita ta kira da kanta. Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta tambayi yarinyar, ta tambayi muzurun, sannan ta ce nan da 'yan kwanaki zan fara tambayar kaina ko na yi gaggawa, wata rana kuma in tambayi kaina ko na makara, kuma tana jin tambayoyin biyu daga bakin mutum ɗaya a mako ɗaya. Ta ce idan abin ya taso in kira ta, za ta sake karanta mini sakamakon gwajin ƙarshe. Ya taso. Na kira, ta karanta mini lambobin, ta tuna mini kalandar. Ban san wani abin da ya fi wannan kwantar mini da rai ba.

Mutane kuwa, sai haƙuri. Wani abokin aikina ya ga fuskata ya tambaya, na faɗa masa, ya yi dariya ya ce, "A kan kyanwa? In kawo maka uku gobe?" Ba mugu ba ne. Wani masani a Amurka, Kenneth Doka, ya yi rubutu tun 1989 kan irin baƙin cikin da jama'a ba su ba mutum izinin yi ba, kuma rashin dabba yana cikinsa. Ba wanda zai zo maka jaje, ba hutun aiki, kai kanka kana jin nauyin faɗa. Amma halittar da ta yi shekara 17 tana tarbarka a ƙofa, wadda a ƙarshe ka tsara safiyarka da darenka a kan lokutan maganinta, idan ta tafi sai ka tarar da wasu sa'o'i a yininka da ba ka san abin da za ka yi da su ba. Ni lokacin ƙarin ruwan ne ya fi damuna. Na daina faɗa wa wanda na san ba zai gane ba, na riƙa faɗa wa mutum biyun da suka gane, kuma hakan ya wadatar. Uwargida ta kwashe kwanukan da wuri don ganinsu na tayar mata da hankali. Ni da na so a bar su. Kowa da yadda yake ɗaukar abinsa, kuma ba mu yi faɗa a kai ba. Ragowar magungunan da allurai asibitin ya karɓa da kansa, wanda ya rage mana wani nauyi.

Wa wannan aikin ya dace da shi? Dabbar da ke tsoron mota da warin asibiti, ko wadda ɗaga ta kawai ciwo ne, da iyalin da ke son su yi kukansu ba a gaban baƙi ba. Wanda bai dace da shi ba shi ne mai gaggawa. Likita ta faɗa mini ƙarara cewa idan kyanwa ta fara numfashi da baki a buɗe, ko farfaɗiya ta kama ta, ko ƙafafunta na baya suka mutu farat ɗaya tana ihu, ba a jiran alƙawarin zuwa gida, a ɗauke ta a tafi asibiti mafi kusa nan take. Zuwa gida na wanda ya yanke shawara da sauran lokaci a hannunsa ne. Kuma asibitin nan ba ya zuwa gida da dare ko ranar hutu, abin da ban ji daga bakin kowa ba sai da na tambaya.

Saura ƙorafina mafi girma. Bayan 'yan makonni saƙo ya shigo wayata daga asibitin: wai lokacin gwajin jinin Toka ya yi, a kawo ta, kada a manta lafiyarta ita ce farin cikinsu. Na san kwamfuta ce ta aiko. Amma asibitin da ya aiko likita ta tsayar da zuciyar kyanwa da hannunta ya kamata ya iya cire sunanta daga jerin masu jiran tunatarwa. Aikin daƙiƙa goma ne. Uwargida ce ta fara ganin saƙon, kuma yinin nan bai yi mana daɗi ba. Na kira na faɗa, wadda ta ɗauka ta ce za a duba. Na faɗa wa likita, ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce ba ni ne na farko ba, ta sha yin magana.

Muzurun ya shiga shekara 9 yanzu, kuma can nake kai shi. Likita ta ce daga shekara 7 ya kamata a riƙa duba jini da fitsari da hawan jinin kyanwa aƙalla sau ɗaya a shekara, har da gwajin SDMA da ke nuna matsalar ƙoda tun kafin kiriyatinin ya hau. Nasa ya fito lafiya. Idan zan sa masa rana, lambar likitar nake nema kai tsaye, ba na bi ta tebur. Saƙon Toka kuwa ya sake zuwa a watan da ya wuce, wannan karon na rigakafi.